Minti Huɗu a Gaban Labule

Litinin, 3 ga Maris

An ba ni waƙa. Ni kaɗai.

Bari in rubuta yadda aka yi kafin in fara ƙara masa gishiri. Sati uku ke nan ina kai wa Maigida abincin rana a zauren wasa, inda aka ba shi aikin kafinta. Shi ke haɗa kayan dandamali na wasan kwaikwayo mai waƙa da za a fara ƙarshen wata. Yau ina zaune a layin baya ina jiran kwanukana, littafi a cinyata, ashe ina rera wani abu ban sani ba. Baba mai piyano ya waiwayo ya ce, "Ke 'yata, sake yi." Na sake. Ya aika aka kira Anti Darakta. Ta saurara hannu a ƙugu, ta ce wadda aka ba waƙar tun farko ta samu aiki a wani gari ta tafi, in ina so in zo gwaji gobe.

In ina so!

Ni ce maƙwabciya mai shanya. Maganata biyu ce a duk wasan: "Ba ta nan," da kuma "Na ce ba ta nan." Amma bayan su sai a rufe labule, a kashe fitilu a bar guda ɗaya, in fito in yi waƙa ta minti huɗu.

Maigida ya ce, "To, Gimbiya, yanzu wa zai kawo min abinci?" Na ce ya ci katako.

Alhamis, 6 ga Maris

Igiyar shanya a gabana, kwando a gefena, labule a bayana. Ga farkonta:

Na shanya rigar wani, iska ta saka ta,
ta ɗaga hannu kamar mai sallama.
Ni na wanke, ni na matse,
rana za a yi wa godiya.

Baiti uku da amshi. In na zo wurin "ni na matse" sai tsigar jikina ta tashi.

Abu ɗaya ke ɓata min rai. Duk tsawon waƙar ana jan kaya a bayan labule, gararau, ƙiiii, wani na cewa "ɗaga, ɗaga, ƙafata!" Maigida ne da Kawu Dogo, dattijon da suke aiki tare, suna fitar da rumfunan kasuwa suna shigo da falon attajiri. Na ce wa Maigida don Allah su riƙa yi a hankali. Ya ce matattakalar bene ba ta san a hankali ba, ta fi su nauyi su biyun a haɗe.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ta zo ta dawo min da littattafaina uku. Ta karance su a kwana biyu. Na san yadda take yi: duk inda jaruma ta zauna bakin taga tana tunani, sai ta tsallake ta nemi inda aka mari wani. Ni kuwa waɗannan shafukan ne nake lanƙwasa wa kunne in dawo musu.

Na rera mata waƙata a kicin. Ta ce da daɗi. Sai ta ce, "To bayan kin gama, me ya faru a labarin?"

Na ce babu.

"Babu kamar yaya? Ba ki tona asirin kowa ba?"

Ban tona ba. Tauraruwar wasan tana da waƙoƙi biyar, kowace da aikinta. A ɗaya ta bar kasuwa, a ɗaya ta gane wanda ya yaudare ta, a ɗaya ta yafe. Tawa ba a auri kowa ba, ba a kori kowa ba. Mace ce ta tsaya da jiƙaƙƙen wanki ta faɗi abin da ke ranta, shi ke nan. Na ce wa Yaya ai ita ma rayuwar ba kullum ake marin wani ba. Ta ce a gidanta kusan kullum ne, da 'ya'ya huɗu.

Ta yi ta dariya. Ko a jikina.

Talata, 11 ga Maris

Da ma ban tambaya ba.

Ana hutun shayi na je na zauna kusa da Baba mai piyano. Na ce, "Baba, wace ce ka tuna da ka rubuta waƙar nan?" Na riga na tsara amsar a kaina: wata da ya so yana saurayi, ta rasu ko ta auri wani. Har na fara jin tausayinsa.

Ya ciro agogo daga aljihu ya ajiye a kan piyano. Ya ce, "Wannan."

Wai Anti Darakta ce ta ce masa canjin kaya daga kasuwa zuwa falo yana cin minti huɗu, ba za a bar mutane zaune a duhu suna tari ba, ya rubuta abin da zai rufe wurin. Ya tsaya da agogo yana kallon su Maigida. Baitin farko na fitar da rumfuna ne. Na biyu na kujeru da kafet. "Na ukun kuwa, 'yata, ba don matattakalar nan ba da ban wahalar da kaina ba."

Yana faɗa yana shan shayinsa, kamar ba komai ya faɗa ba.

Na ce, "Wato ni labule ce ta biyu."

Ya ce labule ba ya samun tafi.

Laraba, 12 ga Maris

To sai me? Ko don me aka rubuta ta, bakina za ta bi ta fita. Yau na ja amshin ƙarshe har mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu.

Asabar, 15 ga Maris

Kwana uku Maigida yana ɓoye min wani abu, yana dawowa da maiƙo a riga yana murmushi shi kaɗai. Yau ya ce in zo in gani.

Tayu ya sa wa komai. Rumfunan suna kan faffaɗan katako ɗaya mai tayu, kujeru da kafet a kan wani, matattakalar kuma ya samo mata manya guda huɗu masu roba daga wurin masu tsofaffin ƙarafa. Ya ce duk kasuwar huɗun nan kaɗai ya samu masu iya ɗaukarta. Saboda Kawu Dogo ya yi. Ashe tun satin jiya bayan Kawu ya riƙe, da safe sai matarsa ta kama shi yake iya tashi, amma ya hana a faɗa don kar a sallame shi.

Suka gwada a gabanmu. Baba ya riƙe agogo. Daƙiƙa talatin da biyar, kuma ba ka jin komai sai ɗan shuuu. Kowa ya yi tafi. Ni na fi kowa, har da tsalle. Na ce yanzu za a ji muryata tas. Kawu Dogo ya tura matattakalar da yatsa biyu yana rawa.

Anti Darakta ba ta yi tafi ba, rubutu take yi a takardarta. Na ɗauka yabo ne.

A hanya na ce wa Maigida, "Injiniya!" Ya ji kunya ya sosa ƙeya. Na soya masa kifi.

Litinin, 17 ga Maris

An cire waƙata.

A gaban kowa ta faɗa, tsakanin maganar fenti da maganar takalma. "Mai shanya, waƙarki ta fita, canjin ba ya buƙatarta yanzu. Layukanki biyu suna nan." Ta wuce kan takalma.

Tauraruwa ta dafa kafaɗata ta ce, "Ayya." Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Na yi tafi ranar Asabar. Da hannuna. Har da tsalle.

Talata, 18 ga Maris

Na ce wa Maigida ya cire tayun.

Ya ajiye cokali ya ce wallahi bai taɓa kawo wa ransa haka za ta faru ba. Na yarda, kuma shi ne ma abin haushin. Wata takwas da aurenmu, sati biyun nan kullum ina rera waƙar nan a kunnensa, ya zauna kwana uku yana ɗaure noti bai tuna da ni ko sau ɗaya ba.

Ya ce, "Bayan Kawu fa?"

Na ce a samo mai ƙarfi ya taya su ja.

"Wato mu koma jan kaya kamar jakuna don ki samu wurin waƙa?"

Na ce eh. Haka na ce, eh.

Ya ce shi ba ya ɓata aikin da ya yi daidai. Na ce ni ma nawa aikin daidai na yi shi. Ya ɗauki hularsa ya fita ba tare da ya gama cin abincin ba. A littattafaina a nan ne namiji yake dawowa daga bakin ƙofa ya ce komai kike so za a yi. Na ba shi minti goma. Ashe ya tafi sayo man tayu.

Laraba, 19 ga Maris

Na tare Anti Darakta a bakin ofishinta. Tun safe nake haddace abin da zan faɗa.

Ta ce, "Faɗa min abu ɗaya da ɗan kallo zai rasa ganewa in babu waƙarki."

Na ce ba zai rasa ganewa ba, zai rasa ji ne.

"Wasan ya riga ya kai awa biyu da kwata. Yarinya ta bar kasuwa, mutane suna so su ga ta shiga gidan nan. Ke kuma ki tsayar da su ki yi musu shanya?"

Na ce, Anti, in kin tambayi mutane bayan shekara ba za su tuna wa ya shiga gidan wa ba, waƙa za su tuna. Na ce mata duk littafin da nake so, shafin da ba abin da ya faru a cikinsa ne nake haddacewa. Na ce a duk wasan nan ba wanda aka bari ya tsaya cik sai ni, kowa gudu yake yana bin labari kamar ana korarsa.

Ta dube ni sosai. Ta ce muryata tana da kyau, kuma ba ƙarya na faɗa ba, amma duk wanda aka cire wa waƙa haka yake cewa, ta ji shi sau ashirin. Ta ce wataƙila wasa na gaba.

Ba na son na gaba. Wannan nake so.

A gida muna gaisawa kamar maƙwabta.

Alhamis, 20 ga Maris

Na yi abu.

Mai fenti ya sa an kwantar da matattakalar a gefenta don ya shafa ƙasanta, duk suka fita cin abinci. Na ɗauko sifanar kwance noti mai lamba goma sha uku, na sha ganin Maigida yana ɗaukarta. Noti huɗu. Na ƙarshen ya yi gardama har na fasa farce.

Tana cikin jakata yanzu, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, tsakanin littattafai biyu. Tayar hagu ta baya. Babu irinta a kasuwa, shi ya faɗa da bakinsa. Taya uku ba sa tafiya. Za su koma ja, ja kuma minti huɗu ne. In an gama wasan sai a tsince ta a bayan wani akwati.

Ba sata ba ce. Aro ne.

Hannuna yana warin man inji, na wanke sau uku.

Juma'a, 21 ga Maris

Da aka tayar da matattakalar ta karkace, Anti Darakta ta fara faɗa, wa ya yi, wa ya shigo. Ni ina ta ninke zanin shanya ɗaya sau biyar. Maigida ya durƙusa ya duba wurin, ya je ya duba akwatin kayan aikinsa, ya daɗe a can. Ya dawo ya ce laifinsa ne, shi ya cire don ya gyara ya manta inda ya ajiye.

Na jira a ce a koma ja. Sai ya ce ba komai, a tura da ukun, shi zai riƙa ɗaga wannan kusurwar da hannu har a samo ta.

Wannan ban lissafa da shi ba.

Sau biyu ta tafi lafiya. A na uku akwai wata 'yar tsaga a katakon dandamali, tayar gaba ta faɗa ciki, kusurwar ta kufce ta sauka a kan hannunsa. Bai yi ihu ba. Kawu Dogo ne ya yi.

Yatsu biyu na hannun dama, ɗaya ya karye ɗaya ya tsage. An ɗaure, an ce sati shida ba guduma ba zarto.

Da muka fito daga asibiti ya miƙo hannun hagu ya karɓi jakata, kamar yadda yake yi kullum. Na riƙe, ya ja, na saki. Ya ɗan jinjina ta. Muka yi tafiya har kwanar gidanmu. Sannan ya ce, "Littattafan nan naki sun ƙara nauyi, Gimbiya."



Asabar, 22 ga Maris

Mun je zauren tun kafin mai shara. Ni na mayar da tayar, yana tsaye a kaina. "Ba a jere ake ɗaurewa ba, a giciye. Wannan, sannan na can. Kar ki matse ɗaya har sai duk sun zauna." Haka kawai yake ta faɗa. Na ce, "Ni ban ce ka ɗaga da hannu ba." Ya ce ya sani. Na ce me ya sa ka ce kai ne? Ya ce, "Ƙara rabin juyi."

Hawayena ya ɗiga a kan notin. Ya ce ba komai, ba ya tsatsa da wuri.

Ya so ya ce wa Anti ya tsince ta a ƙasan akwati. Na ce a'a. Ba zan zauna a ƙarƙashin ƙaryar wani ba, ko da ta alheri ce. Da ta iso na tsaya a gabanta kai a sama na ce ni na cire.

Ta ce, "Na sani. Dogo ya gan ki ta taga, mai fenti ma ya gan ki. Jira muke mu ga ko kina da baki."

Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce da a ce akwai wata mai shanya, da yau na bar zauren nan. Babu, kuma saura sati ɗaya. Ta ce tunda ni na rage mata ma'aikaci, ni zan cike gurbinsa. In na gama "Na ce ba ta nan," in zagaya baya in kama matattakala.

Na ce zan tura. Amma na ƙara da cewa har yanzu kuskure ne cire waƙar. Ta ce ta ji, in je in sa takalmi mai rufi.

Talata, 25 ga Maris

Daƙiƙa hamsin da takwas canjin ya ci mana. Kawu Dogo ya ce ko kunkuru aka ɗauka aiki zai nemi a ƙara masa sauri.

Ba ƙarfi ba ne ashe. Na gaba ja kawai yake yi, na baya ne ke juya ta. Akwai alamun alli a ƙasa, kuma a duhu ake yi, sai ɗan haske shuɗi. Taku shida a miƙe, sannan in danna kusurwata da ƙugu ta yi kwana, in kauce wa tsagar nan da faɗin tafin hannu, in taka birki. In na danna da wuri ta daki rumfa, in na makara ta ci labule. Yau ta ci labule sau biyu. Maigida yana zaune a kan akwati, hannu a rataye, yana cewa "yanzu" a hankali.

Kuma don a ƙara min, Baba yana kaɗa sautin waƙata lokacin canjin, ba murya. Ina tura katako da kiɗan waƙata. Na ce masa cin fuska ne. Ya ce a'a, tsimi ne, ba a zubar da sauti mai kyau.

Ban rera ba. Ko a zuci. To, a zuci kaɗan.

Laraba, 26 ga Maris

Ni nake ɓalle masa maɓallan riga yanzu. Yana kallon silin ina yi.

Juma'a, 28 ga Maris

Gwajin ƙarshe da kaya da fitilu. Arba'in da ɗaya. Na gano in na fara kwanar daidai inda ake cewa "ni na wanke," sai ta zauna a kan alli ba gyara. Ban faɗa wa kowa ba.

Yaya ta kira ta ce ta sayi tikiti don ta ji ni. Na ce za ta ji ni ina cewa ba ta nan. Sai ta ce in ina so ta zo ta yi wa Daraktar tas. Na ce ta bari, faɗana ne.

Asabar, 29 ga Maris

An buɗe da ƙarfe huɗu, zaure ya cika. Na ce ba ta nan, na sake cewa ba ta nan, aka yi dariya a na biyun, ban san abin dariya ba ne. Na zagaya da gudu. Talatin da shida! Kawu Dogo ya ɗaga min babban yatsa a duhu.

Aka buɗe labule a kan falo. Ba kowa.

Tauraruwa tana ciki ana kokawa da rigarta. A da tana da minti huɗuna ta cire kayan kasuwa ta sa doguwar riga mai zif a baya, ta sauya takalmi da ɗauri. A gwaji ba ta taɓa sa rigar gaske ba, tela sai jiya da yamma ya kawo, kuma aka tsaya ana rage mata ƙugu. Minti ɗaya da rabi mutane suna kallon kujeru. Attajirin ya shigo ya zauna ya tashi ya duba agogo ya gyara fure. Wani daga baya ya ce, "Alhaji, ba ta nan!" Zauren ya kece da dariya.

Ta fito zif rabi a buɗe, ta yi duk waƙarta ba ta juya baya ba.

Allah ya yafe min, na ji daɗi.

Lahadi, 30 ga Maris

Yau mata biyu aka sa wa Tauraruwa su taya ta sa riga. Minti ɗaya da kwata, kuma ta fito da takalmin kasuwa.

Talata, 1 ga Afrilu

Anti Darakta ta kira ni ofis. Ba ta yi kwana-kwana ba. Minti biyu na waƙata take buƙata, Tauraruwa ta samu ta canza kaya. Baiti biyu da amshi, ba na uku.

Na ce, "Wato a da matattakala nake rufewa, yanzu zif."

Ta ce eh, zif. Ta ce in ina jiran ranar da za a tsayar da wasa a ba ni waƙa saboda kyan idona, in nemi kujera in zauna. Duk waƙar irin wannan da ta taɓa gani, in ka leƙa bayan labule za ka tarar wani yana canza wando.

Na ce zan yi tunani. Na so ta ɗan jira ita ma. Sai na ji bakina yana tambaya wa zai kama kusurwata. Ta ce mai fenti.

Mai fenti! Mutumin da ko bokitinsa ba ya iya ajiyewa a miƙe.

Na faɗa wa Maigida ina yanka masa nama ƙanana don ya iya ci da hagu. Ya ce me nake jira? Na ce mutuncina. Ya ce mutuncina ya ci masa yatsu biyu, don Allah in karɓa kafin ya kai ga na uku. Wannan ne karon farko da ya ambaci abin. Muka yi dariya har na ƙware, daga nan kuma ta koma wani abu daban, ya bar ni na yi har na gama.

Na karɓa. Zif ne ko wando, ba su za su buɗe baki ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na yi.

Fitila ɗaya, igiya, kwando. Ba na ganin kowa sai layin gaba. An yi tsit, irin wanda ban taɓa ji ba a zauren nan. Da na sauke amshi aka ɗan yi jim, sannan tafi ya taso, ya daɗe har Baba ya sake zagayo da sautin don a ba shi wuri. Tauraruwa ta fito zif a rufe har wuya.

Na ce za a ji. An ji.

Lahadi, 6 ga Afrilu, da safe

Jiya na gaji ban rubuta duka ba.

Maigida a cikin 'yan kallo ya zauna, layi na uku, kusa da Yaya. Ta ce da hannu ɗaya ya dinga dukan cinyarsa har matar da ke gefe ta matsa. Ita kanta Yaya ta ce ba ta so a tsallake wurin ba. Na sa ta maimaita.

Da na fito yana jirana a ƙofar baya. Ya ce, "Gimbiya, ban san haka take ba. Kullum daga baya nake jinta." Idonsa ya yi ja. Wannan maganar nake jira tun farkon watan jiya, na tsara amsarta kala uku.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka ji abin da mai fenti ya yi a kwanar?"

Don na ji. Ina tsakiyar "ni na wanke," fitila a fuskata, mutum ɗari uku suna kallona, kunnena yana bayan labule. Bai fara kwanar ba. Na kai "ni na matse" bai fara ba. Sai ƙwas, tayar gaba ta faɗa tsagar, na ji Kawu Dogo ya yi ƙaramin nishi ya ciro ta. Ba wanda ya ji a zauren, na tambayi Yaya. Amma ni saura kaɗan in waiwaya.

Maigida ya dube ni, ya dube ni, sai ya jingina da bango yana dariya yana riƙe da hannunsa mai ciwo. Na ce ba abin dariya ba ne, bayan Kawu ne zai sake tashi.

Waƙata ta fi min komai, wannan ba ya canzawa, kuma har gobe ina kan bakana cewa ba don zif ya kamata a dawo da ita ba. Baiti na uku kuma ban yafe ba.

Wasan yau ƙarfe huɗu ne. Zan tafi tun sha biyu. Allin ya fara gogewa, kuma sai na tsaya a kan mai fentin nan ya yi kwanar sau goma a gabana.